Malamin Kasuwancin Tufafi: Aikin da Ke Jiran 'Ya'yan Masu Sana'a

GABATARWA

Duk wanda ya ratsa unguwar Kagarawal ta cikin garin Gombe a goman ƙarshe na watan azumi, ba sai an gaya masa Sallah ta ƙarato ba. Ƙarar kekunan ɗinki ba ta yankewa har asuba. Ga shadda da atamfa jibge a kan benci, ga yara masu koyon sana'a suna sa maɓalli suna guga, ga masu kaya suna ta sintiri suna tambayar ko an gama. A cikin waɗannan 'yan kwanaki kuɗi masu yawa ne ke bi ta hannun teloli. Amma idan aka jira Sallah ta wuce da mako biyu, aka tambaye su nawa suka ci riba, da yawa daga cikinsu ba za su iya faɗa ba. Wani ma sai ya tarar bashi ne ya rage masa: na mai zare, da na mai man janareto, da ladan yaran da suka kwana aiki.

Ba rashin gwaninta ne ya jawo haka ba, domin ɗinki ya yi kyau, masu kaya kuma sun yaba. Lissafi da tsari su ne suka yi ƙaranci. Waɗannan abubuwa biyu kuwa ilmi ne mai zaman kansa, wanda ake koyarwa a manyan makarantu, ake kuma yin bincike a kansa, har mutum ya kai matsayin Farfesa. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa iyaye da ɗalibai ko wane irin ilmi ne wannan, da dalilin da ya sa ƙasa ke bukatar malamansa, da matakan da ake bi a zama ɗaya daga cikinsu, da kuma wahalhalun da ke kan hanya.

MENE NE ILMIN KASUWANCIN TUFAFI?

Ilmin tufafi ya kasu kashi uku. Na farko shi ne na fasaha, watau zane da yanka da ɗinki da surfani. Na biyu shi ne na kimiyya, wanda ya shafi auduga da zare da rini da injunan saƙa. Na uku, wanda a kansa ake magana a nan, shi ne na kasuwanci da gudanarwa. Mai wannan ilmi yana bin tufa tun daga gonar auduga har zuwa wuyan mai sawa, yana duba inda kuɗi ke shiga da inda suke zurarewa.

Irin tambayoyin da yake neman amsarsu su ne: Yaya ake yanke farashin ɗinki har a tabbata an ci riba? Turmi nawa ya kamata ɗan kasuwa ya saro daga Kantin Kwari ta Kano, don kada yayi ya wuce kaya su kwanta masa? Me ya sa wani launi ke tashe bana, baɗi kuma a guje shi? Wane irin rance ne ya dace da mai keke uku, wane ne kuma zai karya shi? Yaya za a biya yaron shago yadda ba za a cuce shi ba, maigida kuma ba zai faɗi ba?

Ga misali mai sauƙi. A ɗauka wani tela da yaransa suna iya gama kaya 6 a rana, kuma kwana 25 suka rage kafin Sallah. Iyakar ƙarfinsu ke nan kaya 150. Amma saboda daɗin kuɗin kafin alƙalami, sai ya karɓi kaya 240. Tun ran da ya karɓa, mutum 90 sun riga sun rasa kayan Sallarsu, ko da shi da su ba su sani ba tukuna. Wanda ya karanta gudanarwa zai nuna masa hanyoyi uku: ko ya rufe karɓa da zarar ya cika 150, ko ya yi yarjejeniya da wani shago tun da wuri a raba aikin, ko kuwa ya rage wa masu kawo kaya tun watan Sha'aban wani abu daga kuɗin ɗinki, don aikin ya bazu. Haka nan wajen farashi, tela yakan lissafa zare da shafi, ya manta da kuɗin haya, da lalacewar keke, da man janareto, da ladan kansa. Daga irin waɗannan ƙananan abubuwa ilmin yake farawa, sa'an nan ya haura zuwa harkar masaƙu da haraji da cinikin ƙasa da ƙasa.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Sanin kowa ne cewa kasuwancin tufafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa kowace shekara da wuri miliyan 300 ko fiye.

Ita ma ƙasar Gombe tana da nata rabo. A cikin shekarun 1950 noman auduga ya bunƙasa ƙwarai a masarautar, har kamfanin Ingilishi mai kula da noman auduga, watau BCGA, ya kafa injin gurza a garin. Har yau akwai unguwar da ake kira da sunan wannan kamfani. Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, ya ƙara sauƙaƙa ɗaukar diloli. A can Kaduna kuma, masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙu suka biyo baya a unguwar Kakuri, kamar su Arewa da UNTL. Kafin shekarun 1980 babu masana'antar da ta kai ta saƙa ɗaukar ma'aikata a Nijeriya.

Daga nan sai al'amura suka fara juyawa. A 1986 aka rushe Hukumar Cinikin Auduga, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi wuya, injuna suka tsufa, ga kuma atamfa mai araha tana kwararowa ta hanyar fasa-ƙwauri. A farkon 2005 aka kawo ƙarshen yarjejeniyar duniya da ke ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta iya fitarwa, abin da ya ƙara buɗe wa kayan Sin hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Dubban magidanta suka rasa abin yi.

Idan aka duba waɗannan dalilai da kyau, za a ga yawancinsu ba na saƙa ba ne. Masaƙan sun iya aikinsu. Matsalolin na jari ne, da farashi, da tsarin haraji, da hangen abin da kasuwa za ta zama nan da shekara goma. Yau ga shi ana ɗinka tufafi a kowane lungu na Gombe, amma shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco daga Holan, yawancin sauran yadi kuma daga Sin da Indiya. Ladan ɗinki kaɗai ke tsayawa a gida.

WAƊANDA SUKA SHARE HANYA

Abin da aka sani game da wannan tarihi, malamai masu bincike ne suka tono shi suka rubuta. A 1976 wata Baturiyar Ingila, Mary Tiffen, ta buga littafi a kan bunƙasar arzikin masarautar Gombe daga 1900 zuwa 1968, inda ta nuna yadda manoma suka rungumi auduga da garmar shanu da kansu, da zarar hanya ta buɗe kasuwa ta samu. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala kundin digirinsa na uku a 1975 a kan yadda marinan ƙasar Kano suka riƙa rina tufafi don sayarwa a ƙasashen nesa a ƙarni na 19. David Heathcote ya yi nasa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979 a kan ɗinkin hannu na rigunan Hausa. Gunilla Andrae da Björn Beckman, mutanen Suwidin, sun yi rubutu a kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1998. A 2013 kuma Farfesa Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Elisha Renne ta Jami'ar Mishigan ta Amurka, suka buga maƙala a kan tashi da faɗuwar masaƙun Kaduna daga 1955 zuwa 2010.

Mai karatu zai lura da abu biyu. Na farko, sana'ar tufafi ta isa a yi digiri na uku a kanta, kuma manyan jami'o'in duniya sun yarda da haka tun da daɗewa. Na biyu, da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki baƙi ne, waɗanda sai da suka ƙetaro teku suka koyi harshe kafin su fara. Yaron da ya tashi a shagon mahaifinsa a Kagarawal yana da harshen, ya san kafin alƙalami da adashi da bashin 'yan sari tun yana ƙarami. Abin da ya rage masa shi ne horo da takardar shaida.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Ƙasashen da suka ɗauki tufafi da muhimmanci sun kafa masa makarantu na musamman. A birnin Niyok na Amurka akwai kwalejin fasahar tufafi da aka kafa a 1944, wadda ke koyar da kasuwanci tare da zane. A Landan akwai kwalejin tufafi mai sashe guda na kasuwanci. Faransa ta kafa tata cibiyar a Paris a 1986. A wannan shekara kuma Indiya ta kafa cibiyar ƙasa ta fasahar tufafi a ƙarƙashin Ma'aikatar Masaƙu, inda ake ba da digiri a kan gudanar da kasuwancin tufafi. Bangaladash kusan duk audugar da take aiki da ita sayowa take yi daga waje, amma duk da haka ɗinkakkun kaya sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa. Ko a maƙwabciyarmu Nijar, Alphadi ya fara bikin nunin tufafin Afirka a hamadar Agadas a 1998, ya jawo hankalin duniya ga ɗinkin wannan yanki.

Bugu da ƙari, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a birnin Yamai a watan Yuli na 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta a ranar 1 ga Janairu, 2021. Wannan ƙofa ce mai fuska biyu: kayanmu za su iya fita, na wasu kuma za su iya shigowa. Ƙasar da ba ta da masana masu auna ƙarfinta da rauninta, ita ce za ta zama kasuwar wasu.

INDA AKE NEMAN WANNAN ILMI

A yawancin manyan makarantun ƙasar nan ilmin a rarrabe yake tsakanin sassa dabam-dabam, saboda haka ɗalibi ne zai haɗa shi da kansa. Hanyoyi biyu ne. Ko ya fara da tufafi ya ƙare da kasuwanci, ko ya fara da kasuwanci ya mai da tufafi abin bincikensa.

A cikin garin Gombe akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha, wadda aka kafa a 1977, inda ake horar da malaman tattalin gida da na kasuwanci. Akwai Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 a Tudun Wada, wadda ba ta da nisa da Kagarawal, tana koyar da gudanar da kasuwanci da akanta da tattalin arziki. Akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011. Wanda yake son zurfafawa a fannin tufa kanta, sai ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, inda ake koyar da zanen yadi da kimiyyar saƙa, ko kuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko ta Yaba a Legas. A Samaru ta Zariya kuma akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ke fitar da irin auduga. Jami'ar Bayero ita ma tana da makarantar kasuwanci ta masu neman manyan digiri.

Ya kamata a sani cewa sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa, ta tsara su gwargwadon bukatar yankinta. Ke nan babu abin da zai hana jami'a a Gombe ta sa darasin kasuwancin auduga da tufafi, in dai akwai malamin da zai koyar da shi.

MATAKAN AIKIN

Mataki na farko shi ne takardar kammala sakandare mai kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, sa'an nan jarrabawar JAMB. Digiri na farko a fannin kasuwanci shekara 4 ne. Mai takardar malanta ta NCE ko ƙaramar difloma mai kyau yana iya neman shiga kai tsaye a aji biyu. Mai babbar difloma kuwa yakan fara yin diflomar share fage kafin a karɓe shi a digiri na biyu. Wanda ke son jami'a ta riƙe shi malami, tilas ne ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. Bayan haka sai bautar ƙasa ta shekara ɗaya.

A jami'a matakan malanta bakwai ne:

1. Malami mai koyon aiki: yana da digiri na farko, yana taimaka wa manya, kuma dole ne ya shiga karatun digiri na biyu.
2. Mataimakin Lakcara: mai digiri na biyu.
3. Lakcara mai daraja ta biyu: a nan ake fara ɗaukar wanda ya zo da digiri na uku.
4. Lakcara mai daraja ta ɗaya.
5. Babban Lakcara: galibi ba a kaiwa nan sai da digiri na uku, wanda ake kira digirin digirgir.
6. Mataimakin Farfesa.
7. Farfesa, ko Shehun Malami.

Bisa al'ada ana yin aƙalla shekara 3 tsakanin mataki da mataki, kuma daɗewa kaɗai ba ta ba da ƙarin girma. Ana duba koyarwa, da maƙalun da mutum ya buga a mujallun ilmi, da ɗaliban da ya duba kundinsu, da hidimar da ya yi wa jami'a da jama'a. A matakai biyu na ƙarshe ana aika rubuce-rubucensa ga farfesoshin wasu jami'o'i su auna su a asirce. Dokar 2012 ta sa shekarun ritayar masu matsayin Farfesa 70, na sauran malamai kuma 65. A kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilmi, tsanin yana ƙarewa ne a matsayin Shugaban Lakcarori, akwai kuma layi na dabam na masu koyar da aikin hannu a ɗakin gwaji.

Game da kuɗin karatu, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin Asusun Harajin Ilmi na 1993, yana taimaka wa malaman manyan makarantun gwamnati su yi digiri na biyu da na uku, yana kuma ba da kuɗin bincike. Ta hannun makarantar da mutum ke aiki ake nema.

YADDA AKE YIN BINCIKE

Aikin malamin jami'a uku ne: koyarwa, da bincike, da hidimar jama'a. Binciken shi ne wanda mutane ba su faye fahimta ba, don haka ga bayaninsa.

A ɗauka wani malami yana son sanin abin da ke hana ƙananan shagunan ɗinki girma. Zai fara karanta abin da aka riga aka rubuta, don kada ya maimaita aikin wani. Sa'an nan ya je wurin mai unguwa da shugabannin teloli ya gabatar da kansa, ya nemi izini. Sai ya zaɓi shaguna, a ce 60, manya da ƙanana, na maza da na mata, ya riƙa bin su daga wannan Sallah zuwa ta baɗi, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da watannin da aiki ke yawa, da watannin da ake zaman jira. Ba ya bayyana sunan kowa, kuma ba shi da wata alaƙa da masu karɓar haraji. Idan ya gama, sai ya auna alƙaluman, ya rubuta sakamako, wasu masana su tace shi kafin a buga. Malami na ƙwarai ba ya tsayawa nan. Yakan koma unguwar ya tara waɗanda suka ba shi lokacinsu, ya gaya musu abin da ya gano cikin harshen da suke ji.

Abubuwan bincike ba su da iyaka: cinikin gwanjo da tasirinsa a kan teloli, hular zanna da masu ɗinka ta, yadda injin surfani mai kwamfuta ya shafi masu aska takwas na hannu, tallar kaya ta WhatsApp da Facebook, yadda zaren buhun leda ke ɓata darajar auduga, da tsarin koyon sana'a a hannun maigida. Hatta matakan gwamnati suna bukatar mai auna su. A watan Maris na 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje ta hannun bankuna, a watan Oktoba na 2023 kuma aka ɗage hanin. Gano wanda ya amfana da wanda ya cutu a tsakanin waɗannan shekaru, aikin mai bincike ne, kuma da irin sakamakonsa ne hukuma za ta gyara mataki na gaba.

WAHALHALUN DA KE KAN HANYA

Ba daidai ba ne a nuna wa matasa zuma a ɓoye musu harbi. Hanyar tana da tsawo. Daga shiga jami'a zuwa digiri na uku, mutum zai yi shekara 10 ko fiye, alhali abokinsa da ya tsaya a kasuwa wataƙila ya riga ya gina gida. Albashin malami ba ya sa a yi dukiya. Guraben aiki kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Yajin aikin malaman jami'a ya rufe makarantu wajen wata 9 a 2020, da wata 8 a 2022, abin da ya jinkirta karatun ɗalibai da na malamai baki ɗaya.

Akwai kuma tarkuna da za a kiyaya. Kwafar rubutun wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne da ke jawo kora da ƙwace digiri. Akwai mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kowane irin rubutu ba tacewa, kuma kwamitin ƙarin girma yana watsi da su. Haka nan aikin gwamnati ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya samar wa wani gurbi, macuci ne, a kai ƙararsa ga hukuma.

A ɗaya gefen kuma, aiki ne mai mutunci da fansho, wanda ke ba mutum damar ba da shawara ga bankuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumomi, ya kuma bar ɗalibai a bayansa.

TAMBAYOYIN DA IYAYE KE YI

Shin sai yaro ya bar ɗinki kafin ya yi karatu? A'a. Wanda ya iya sana'ar ya fi saurin gane darasin, ya kuma fi iya koyar da shi, domin ya san abin da littafi bai faɗa ba. Ɗalibai da yawa da keken ɗinki suke biyan kuɗin makaranta. Abin da ake roƙon maigida shi ne ya bar yaro ya je aji a kan lokaci, musamman idan jarrabawa ta haɗu da aikin Sallah.

Shin wannan aiki ya dace da 'ya mace? Ƙwarai kuwa, har ma akwai wurin da ita kaɗai za ta iya. Kaso mai yawa na sana'ar tufafi a cikin gidaje ake yinsa: ɗinkin mata, da hula, da saƙa, da dillancin atamfa da kayan lefe. Namiji mai bincike iyakarsa zaure. Idan babu malamai mata, wannan ɓangare na arzikin ƙasa zai ci gaba da zama ba a lissafa shi ba, kuma abin da ba a lissafa ba, ba a yi masa tanadi.

Wanda ya girma a sana'a ba shi da takarda fa? Ƙofa ba ta rufe ba. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 da hedkwata a Kaduna, tana da tsarin auna gwanintar masu sana'a a ba su takardar shaida mataki-mataki. Ana iya zama jarrabawar NABTEB ko NECO daga waje. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuma tana da cibiya a Gombe, inda mutum zai yi karatu ba tare da ya rufe shagonsa ba.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ana kira ga iyaye masu sana'ar tufafi, idan sun ga yaro ko yarinya mai son lissafi da yawan tambaya, su danƙa masa littafin shago ya riƙa rubuta shiga da fita tun yana sakandare, su kuma tsaya masa a kan Turanci da Lissafi. Ana kira ga malaman makarantu su daina nuna wa yara cewa ɗinki mafakar wanda ya faɗi jarrabawa ne. Ana kira ga ɗaliban kasuwanci da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai, su dubi shagon da ke ƙofar gidansu kafin su hangi kamfanonin da ba su taɓa gani ba. Ana kuma roƙon teloli da 'yan kasuwa, idan ɗalibi ya zo da takardar makarantarsa yana tambaya, su karɓe shi su gaya masa gaskiya, domin amfanin zai dawo gare su.

Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin ba da shawara na makarantarsa, ko ofishin rajistara na kwaleji ko jami'ar da ta fi kusa da shi, ko ofishin JAMB na jiharsa. Wanda ya gama karanta wannan ɗan littafi kuma, ya miƙa wa maƙwabcinsa, ko ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.